Kawu, ta ina ake zuwa bakin teku daga Damagaram?

Filin Tambayi Kawu

Wasiƙu uku na ware wannan karon, duka daga nan cikin gari, duka kuma maganar teku suke yi. Ko zafin bana ne ya sa kowa mafarkin ruwa, oho. Ta farko ita za ta ci mana fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni ɗanka ne, malamin lakwal a Garin Malam. Shekara tara ke nan ina zana wa yara taswira a allo ina cewa nan ne teku, alhali ni kaina ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Gidimuni ba. Bana na ɗan tara abin da Allah ya hore, ina son in ɗauki maiɗakina da mahaifiyata mu je mu gani da idonmu in an ba da babban hutu. Abokaina kowa cewa yake Kotonu. To Kawu, wace hanya za mu bi, ina za mu sauka, kuma me ke akwai na kallo ban da ruwan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wanda ya tuna da tsohuwarsa a tafiyar shan iska ya cancanci a zauna a amsa masa a tsanake. Ni ma alli na ci shekara talatin da wani abu, kuma sai da furfura ta fara leƙowa kafin in tsaya gaban ruwan da na daɗe ina koyarwa. Yayana ne mai sana'ar motoci ya ja ni Kotonu in riƙe masa lissafi. Daga nan ƙafa ta saba.

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Benin ce ta fi mana sauƙi: sefarmu ita ce sefarsu, agogonmu ɗaya, Faransancin da kake koyarwa shi ne na ofis da na tasha, kuma duk garin da ka sauka za ka tarar da zango da mai shayi da ke jin Hausa. Amma Kotonu gari ne na nema. Tashar jiragen ruwa, hayaƙin babura, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Mai sayen mota ko atamfa ya sauka can. Kai da ka ɗauko Inna don ta huta, wuce gaba za ka yi, ka nufi yamma kimanin kilomita 85, zuwa wani gari da ake kira Gran-Popo, dab da iyakar Togo. Gari ne siriri, an shimfiɗa shi kamar rawani tsakanin teku da kogin Mono, ga itatuwan kwakwa jere a kan yashi. Da daddare ba abin da za ka ji sai ruwa.

Hanya dai doguwa ce, kada wani ya yaudare ka. Daga Damagaram zuwa Kotonu ya haura kilomita 1,600. Za ku bi babbar kwaltar Yamai: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, har Doso. A Doso ake karya kwana a yi kudu, kilomita 150 da ƴan kai zuwa Gaya, bakin kogin Kwara. Tsallaken kogin kuma Malanbil ce, garin farko na Benin. Daga can sai Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon, Alada, sannan Kotonu, abin da ya haura kilomita 700. Wani abin dariya, bututun man Agadem da ya ratsa jiharmu, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a Seme yake ƙarewa, gabas da Kotonu, kuma tun 2024 jiragen ruwa suka fara ɗiba. Ka ga ke nan man ƙasarmu ya riga malamin ƙasarmu ganin teku.

Wurin da za ka buɗe kunne shi ne Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta daina zama hanyar da muka sani. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu ya ci gaba da zama a rufe. A zuwana na ƙarshe babbar motar fasinja, wato kar, ta ajiye mu a Gaya, muka tsallaka kogi a kwale-kwale da kayanmu, wata kar ta kwashe mu a can gefen. Saboda haka kafin ka yanki tikiti, ka taka da ƙafarka zuwa tashar kamfanonin nan, su Rimbo da STM da sauransu, ka tambayi mai sayar da tikiti abu biyu: yaya ake tsallakawa a makon nan, kuma kuɗin tsallakawar yana cikin tikitin ko daban ne. Labarin majalisa ba ya kai mutum Kotonu. In kwale-kwale ne, ku tsallaka da rana tsaka, kuma in ka ga an loda buhuna har ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, ka ce wa masu jirgin Allah ya kiyaye hanya, ku jira na gaba. Arewacin Benin ma, tsakanin Malanbil da Kandi, yanki ne da ya sha fama da ƴan bindiga a shekarun nan, don haka tafiyar rana ce, ba ta dare ba.

Wasu za su ce maka ka bi ta Najeriya: Matamaye, Ɗan Barto, Daura, Kano, ka gangara Legas, ka shiga ta Seme. Hanya ce, ƴan kasuwa suna bi. Sai dai ga canjin naira, ga shingaye ba iyaka, ga Legas kanta. Da kai kaɗai ne da jakarka da ban hana ba. Da tsohuwa, a'a.

Kada ku yi ta a numfashi ɗaya. Ku kwana a Doso ko Gaya, ku sake kwana a Paraku. Ƙafar tsofaffi kumbura take yi in zama ya yi yawa, kuma matafiyi yana da rangwamen kasaru, ba gaggawar me. A Paraku ku ci sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan mai laushi na Fulanin can, wanda ake soyawa. In kun yi haka, rana ta uku da yamma kuna bakin teku. Ba sai kun shiga tsakiyar Kotonu ba ma: a Godome, kafin gari, hanya ke rabuwa, nan za ku sami ƙananan motocin da ke zuwa iyakar Togo, ku ce Gran-Popo. Ku uku ne, ka biya kujerar mutum huɗu ku mallaki bayan motar. Kuɗin da ka ƙara ya fi ciwon gwiwar Inna araha.

Takardu: katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, ko fasfo in akwai, da katin rigakafin shawara, ruwan ɗorawar nan. Allurar sau ɗaya ce a rayuwa, amma sai ta kwana 10 kafin a karɓi katin, to kada ka bari sai jajibirin tafiya. Nijar ta fita daga CEDEAO a 29 ga Janairun 2025, gaskiya ne, amma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardunmu ba tare da biza ba har sai an ji wani sabon bayani. Ka yi hoton kowace takarda ka raba jaka. Ka kuma tafi da gidan sauro. Sauron bakin ruwa ba ya jiran damina.

Maganar lokaci, kai da ka san darasin: kudancin Benin damina biyu gare shi. Babba daga Afrilu zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan ɗauke a Agusta, ƙarama ta biyo baya wajen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta ya dace da hutunku, gari da sanyi-sanyi, sama a lumshe, sai dai a lokacin ne teku ya fi fushi. Disamba da Janairu sun fi haske, amma hutun gajere ne, kuma wajen 10 ga Janairu ana bikin addinin gargajiyarsu na Vodun, masauki yakan yi wuya a duk yankin.

To, kun iso. Zan faɗa maka yadda za ta kasance, don haka ta kasance da ni. Kunne ne ke fara gani. Na sauka da dare, na kwanta, na yi ta jin wani ƙugi kamar ana juye tifar tsakuwa a bayan ɗaki, a juye, a dakata, a sake juyewa. Na kasa barci. Da asuba bayan salla na fita, sai ga shi. Idonmu na ƴan tudu ya saba duk ruwan da ya gani ya nemi ɗaya gaɓar, nan kuwa babu ta. Na tsaya ina lissafin jarka nawa ke nan, ni da na girma ina jiran ƴan garuwa a ƙofar gida a Birni. Daga baya na ɗebo a tafin hannu na kai baki, na gane dalilin da ya sa mutanen garin su ma suke sayen ruwan sha.

Ranar farko kada ku je ko'ina. Ku zauna a ƙarƙashin rumfa, ku sa a fasa muku ɗanyar kwakwa ku sha ruwanta, ku kankare farin naman da ɓawon da mai addar zai sassaƙa muku kamar cokali. (Kada ka shimfiɗa wa Inna tabarma daidai ƙarƙashin itacen kwakwa. Kwakwa ba ta yin sallama in za ta faɗo.) Da safe masunta suna jan taru. Jirgi ne ke kai shi can ciki ya zagayo, sai a bar igiyoyi biyu a tudu, kowace da layin maza suna ja da baya da baya, suna waƙa, wani yana kaɗa musu ƙarfe. Aikin awoyi ne. Mata suna zaune gefe da manyan robobi suna jira. Ni da karambani na kama igiyar, ban yi minti goma sha biyar ba tafin hannuna ya saluɓe. Da taru ya fito, wani dattijo ya tsinci ƙananan kifi biyu ya miƙo mini, ya yi magana da harshensu kowa ya fashe da dariya. Haka al'adar take, duk wanda ya ja yana da rabo.

Rana ta biyu ku ɗauki jirgi a kogin Mono zuwa inda yake zuba a teku. Faransawa suka rubuta wurin Bouche du Roy, wai bakin sarki, alhali asalin sunan na Fotugis ne, ma'anarsa bakin kogi kawai. Ruwan kogin kwance yake, Inna za ta iya. Za ku ratsa dazukan wasu itatuwa masu tsayawa a kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, ku wuce ƙauyukan da mata ke dafa gishiri: su kankaro ƙasar fadama, su tace ta cikin manyan kwanduna, su tafasa ruwan har ya ƙafe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa mangul a ƙasar Manga zai ce ai wannan namu ne. Tun 2017 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu, shi ya sa za ka ga ana tsaron ƙwan kunkurun teku da ke fitowa yashi. Ku yi ciniki da mai jirgi tun a tudu, a faɗi kuɗi, a faɗi wuraren da za a tsaya, a kuma ba kowa rigar kariya.

Rana ta uku kuwa ta Wida ce, kuma ita ce dalilin da ya sa na ce ka je yankin nan ba wani ba. Wida tana tsakanin Gran-Popo da Kotonu, kimanin kilomita 40 daga Kotonu. Ka ba ta yini cur. Agaja, sarkin tsohuwar masarautar Dahome, ya ci garin da yaƙi a 1727, don ya riƙa sayar wa Turawa bayi ba tare da dillali ba. Masana tarihi suna ƙiyasta mutum kimanin miliyan ɗaya aka loda a jirage daga wannan gaɓar kaɗai. Akwai ganuwar da Fotugis suka gina a 1721, ƴar ƙarama, amma ba su sake ta ba sai 1961, bayan ƙasar ta sami ƴanci da shekara guda. An daɗe ana gyaranta don a mai da ita gidan tarihin cinikin bayi.

Daga dandalin Shasha, inda ake cinikin bayin a da, kusa da gidan babban dillalin nan ɗan Burazil, Francisco Félix de Souza, hanya ta miƙe kilomita 4 zuwa bakin ruwa. Ku ɗauki ɗan rakiya na gari, ka sa Inna a mota, amma kai ka taka ko da rabi ne. Zai nuna muku inda itacen mantuwa yake, ya ce maza sau 9 ake sa su zagaya shi, mata sau 7, wai don su manta sunansu da garinsu. Zai nuna muku inda ake kulle su a duhu su saba da cikin jirgi, da ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin a kai ruwa. A ƙarshe sai babbar ƙofa a kan yashi, wadda aka gina a 1995, Ƙofar Ba Dawowa. In ka tsaya a tsakiyarta ba abin da ke gabanka sai teku.

Na je can ina ganin tarihin wasu na zo kallo. Sai da na dawo na yi karatu na gane akwai namu a ciki. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun gangaro da kamammu da yawa zuwa gaɓar nan, Legas da Badagiri da Porto-Nobo da Wida, aka kai su Bahiya a Burazil. Can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado, mafi yawansu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Wato wani da ya yi karatun allo a irin tsangayoyinmu ya bi ta wannan yashin da sarƙa a ƙafa. Kuma kada ka tsaya a can kana zagin Dahome da Turawa kaɗai. Ayarin da ke tashi daga Zangon nan namu zuwa Tarabulus ba fatu da gashin jimina kawai yake ɗauka ba, kowa ya sani, ba a dai cika faɗa ba ne. Su sun gina ƙofa sun rubuta nasu. In ka koma aji, wannan ka faɗa wa yara, ya fi musu zanen taswira.

In akwai sauran kwana da sauran jika, a hanyar komawa ku tsaya Abome-Kalabi ku shiga jirgi zuwa Ganbiye, garin da aka kafa a kan turaku tsakiyar tafkin Nokuwe. Kakanninsu gudun mayaƙan Dahome ne ya kai su cikin ruwa. Kasuwa a jirgi, ƴan lakwal a jirgi, har layin ɗiban ruwan famfo a jirgi ake yi, jarkoki jere, sai ka ce Damagaram a watan Afrilu. Matan wurin ba sa son a ɗauke su hoto, ka kama wayarka. Fadar sarakunan Dahome kuma tana Abome, ƴar tafiya kaɗan daga Bohikon, a kan hanyarku take. Mutumin da ya girma a gindin fadar Sarkin Damagaram zai so ya kwatanta.

Ka kai wa mai masaukinku kilishi. Can ƙasar kowa ya san na Nijar, kuma yana buɗe ƙofar da kuɗi ba sa buɗewa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni dattijuwa ce a Zango, ina ƴar sana'ar turaren wuta. Ɗana yana aiki a Kotonu, ya matsa sai na je ya kai ni Wida da bakin ruwa. Maƙwabta suna ta tsorata ni, wai ƙasar tsafi ce, macizai ake bauta wa, wai ko abin da zan ci ba zan samu ba. Malam, mene ne gaskiyar abin?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya raya miki shi. Maƙwabtanki sun ji ƙarar ganga ne ba su ga makaɗi ba.

Macizan gaskiya ne. A tsakiyar Wida akwai gidan da ake ajiye mesa, ƙanana, marasa dafi, mutanen garin suna girmama su tun kaka da kakanni, ba a kashe su. Gidan yana fuskantar babban cocin Katolika, titi kawai ya raba su. Baƙi suna biya su shiga, har a rataya musu ɗaya a wuya a ɗauki hoto. Ni na leƙa daga ƙofa na ce na gode. Ba wanda ya ja ni, ba wanda ya harare ni. Haka kuma za ki iya cin karo da Zangbeto, wasu dodanni kamar bukkar ciyawa suna juyi a titi, su ne masu gadin dare na gargajiya. Ki matsa gefe su wuce, shi ke nan. Addininsu ne, suna yinsa a fili, ke kuma ki riƙe naki. Musulmi suna da yawa a ƙasar, kiran salla kuwa za ki ji shi a Kotonu kamar kina gida, musamman unguwar Zango, inda babban masallaci yake. In ɗanki yana da hali ya kai ki Porto-Nobo ki ga tsohon masallacin Juma'arsu, wanda aka gina da fasalin gine-ginen Burazil, irin wanda zuriyar bayin da suka dawo suka zo da shi. Daga nesa za ki rantse coci ne.

Abinci kuwa, ki kama kifi. Hadisi ne sananne, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Don haka kifi da jatan lande da kaguwa duk babu laifi, alwala ma ki yi da ruwan in kin so, sai dai kurkure baki zai sa ki yamutsa fuska. Akwai akasa, mai kama da agidi, akwai amiwo, jan tuwon masara da ake dafawa da tumatir, ga soyayyar ayaba, ga abarbar Alada mai zaƙi kamar an zuba sukari. Abin da za ki kiyaye shi ne nama a gidajen abincin kudu, don ana cin alade, kuma ba kowane yanka ne namu ba. In kina marmarin nama ki nemi masu tsire, can cacanga suke ce masa, yawancinsu ƴan uwanmu ne, da Hausa za ki yi ciniki. In an miƙo miki wani farin ruwa a ƙaramin kofi aka ce sodabi, barasar giyar kwakwar manja ce, ki ce kin gode.

Alƙibla a bakin ruwa ba ta da wuya. Teku yana kudu. Ki sa shi a hannunki na dama, ki ɗan karkata hagu kaɗan. Ki kuma ɗauki turarenki ki tafi da shi, Hajiya, matan Zangon Kotonu za su wawashe shi kafin ki kwance ɗaurin.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ni ɗan kabu-kabu ne a Sabon Gari. Ni fa na iya ruwa, duk damina ni ke tsallake tafki in dawo ba hutawa. Za mu je Kotonu da abokaina, na ci alwashin sai na yi iyo a teku an ɗauke ni a waya. Akwai wata dabara?

Amsa: Lafiya lau, yaro. Akwai dabara: ka warware alwashin.

Tafki ruwa ne da ke kwance yana jiranka. Na gaɓar Benin tafiya yake yi. Yashin wurin gangare ne, taku uku ka rasa ƙasa, igiyar ruwa kuma a kan gaɓar take fashewa da dukkan nauyinta. In ta koma sai ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ni da nake gaya maka, a Gran-Popo na naɗe wando zuwa gwiwa, na tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, na juya baya ina yi wa yayana alama ya ɗauke ni hoto. Ban san lokacin da na zauna ba. Na tashi da yashi har cikin kunne, takalmi ɗaya ya tafi, hular da aka ɗinka mini a kasuwar Dole tana lilo can inda ba mai bin ta. Wani yaro masunci da bai fi shekara goma ba ya kama hannuna ya ja ni tudu, yana nuna mini da yatsa: ba a juya wa ruwa baya.

Abin da ke cin mutane shi ne wata hanyar ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi kamar kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Abin haushin, wurinta ne ya fi kama da wurin lafiya, don nan igiya ba ta fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta. Gwanin iyo shi ta fi kamawa, saboda shi ne zai ce bari in yi kokawa da ita in koma tudu, har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda tsautsayi ya jefa ciki, kada ya fuskanci tudu. Ya bar ta ta ɗauke shi yana shawagi, ya ɗaga hannu a gan shi, sannan ya yi iyo a gicciye, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga bakinta, don ba ta cika faɗi ba. Na faɗa maka wannan ne don ka sani, ba don ka gwada ba.

In jikinka ya matsa sai ya jiƙa, otel-otel na bakin ruwa da yawa suna da wurin wanka da aka gina, ka biya ka shiga, teku yana bayanka a hoton, ba wanda zai gane a Sabon Gari. Kuma in ka hau zemijan, abokan sana'arka masu rigar ruwan ɗorawa, ka nemi hular kwano, ƴan sandan Kotonu ba sa wasa da ita. Wayar kuma ka sa ta a leda, iskar gishirin wurin tana cin bakin caji.